Za a yi mana gyaran gida muna ciki, ta ina za a fara?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zama a gida ana gyaransa. Maigida yana so bayan damina a sauya kwanon rufi saboda yoyo, a cire tsohon silin, a sake wayarin, a sa tayil a ɗakuna uku da falo, sannan a gyara banɗaki. Gidan tsoho ne, na gado, a cikin garin Kano. Kuɗin kama haya babu, kuma ko akwai, wa zai ba ka hayar wata uku, kowa kuɗin shekara yake nema. Yaranmu huɗu, 'yan biyun ba su kai shekara uku ba, ga kuma Hajiya, mahaifiyar maigida, tana tare da mu, tana fama da asma. Abin yana hana ni barci wallahi.

Tsohon Birkila: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, ana yi kuma ana gamawa lafiya. Abu na farko, ki gaya wa maigida kada ya yarda a buɗe gidan gaba ɗaya lokaci guda. Ma'aikata sun fi son haka don ya fi musu sauri, amma ku ne za ku sha wahala. A raba gidan biyu, ku tattara a ɓangare ɗaya, a gama ɗayan tas har fenti, ku koma can, sannan a taɓa inda kuka bari. Shi kuwa aikin daga sama yake sauka. Rufi tukuna, sai mai wayarin da mai famfo su fasa bango su binne bututunsu, birkila ya bi da filasta, a ɗaura silin, a sa tayil, fenti ya zo ƙarshe. In aka sa tayil kafin wayarin, a kansa za a riƙa zubar da ɓaraguzai, sai kin ga gefensa duk ya ɓalgace tun ba a fara mora ba. Banɗaki kuma kada a fasa shi sai an tanadi wani, ko na wucin gadi ne da langa-langa a bayan gida.

Anti Nas: Ni maganar Hajiya ce ta tsaya mini. Mai asma ba ta zama a gidan da ake cire tsohon silin, ko kusa. Ki duba silin ɗin da kyau, in irin fallayen nan ne masu kalar toka, masu tauri, da aka yi yayi a da, akwai yiwuwar na asbesto ne. Yana zaune lafiya ba ya cutarwa sosai, amma in aka farfasa shi ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, cutar kuma sai bayan shekaru da yawa take bayyana. A yayyafa masa ruwa kafin a taɓa, a cire shi falle-falle ba tare da an karya ba, a ɗaure a leda mai kauri a fitar. Kada a bar yara su ɗauki gutsattsarinsa suna zane da shi a ƙasa. Ranar wannan aikin da ranakun rufi, ku da yara da Hajiya ku tafi gidan dangi. Hajiya ma in da hali ta zauna can har a gama fenti, domin warin fentin mai kaɗai ya isa ya tayar mata da ciwon.

Maman 'Yan Biyu: Anti, irinsa ne sak, mai kalar toka. Hajiya kuwa ba ta son barin ɗakinta, amma zan sa maigida ya yi wa ƙanwarsa magana ta zo ta lallaɓa ta.

Hajiya Babba: Ki bar wa 'yarta wannan, ta fi ki sanin ta inda za ta ɓullo mata. Ni abin da zan faɗa miki shi ne maganar sutura, don shi ne ya fi damuna lokacin da aka yi namu. Gidan da ko ɗan maƙwabci in ya girma sai ya tsaya a soro ya yi sallama, yanzu ga maza baƙi suna shiga suna fita tun safe, wasu ma a kan rufi suna hango tsakar gida har da ta maƙwabta. Mu tamfol muka sa aka ɗaure daga katanga zuwa katanga, ya raba tsakar gidan biyu, ɓangarenmu ba mai leƙowa. Maigida ya kafa musu sharaɗi tun ranar farko: ba a farawa sai yara sun tafi makaranta, ana tashi kafin magariba, kuma mutum ɗaya ne, wato ogansu, zai yi sallama in ana buƙatar wani abu daga ciki. Ranar hawa rufi a sanar da maƙwabta tun da dare, matansu su san da zancen. Wannan haƙƙinsu ne. Sannan ki ware ɗaki ɗaya ya zama babu mai shiga da takalmi, ki toshe ƙasan ƙofar da jiƙaƙƙen tsumma, taga ki rufe da leda ki manne. Nan za ku yi salla, nan yara za su kwana. In kina da wuri ɗaya mai tsabta da za ki shige ki rufe, sauran duk mai sauƙi ne. Kayan ɗakinki da na kabet ki naɗe da tsofaffin zannuwa, ki ɗora leda a kai, ƙurar siminti har cikin akwati take shiga.

Baban Yara: Bari in sa baki ta ɓangaren kuɗi, tunda shi ke tsayar da aiki a bar mutum cikin kango. A yi jinga, kada a yi aikin yini, in ba haka ba gyaran wata ɗaya sai ya kai uku. A rubuta abin da aka yi jinga a kansa, a gaban shaida. Kafin alƙalami kada ya yi yawa, sauran a riƙa biya in an kammala kowane mataki. Kaya kuma maigida ya je da kansa tare da ogan aikin, rodi da kayan gini a Ƙofar Ruwa, katako a Na'ibawa. Kada a fasa ɗaki sai kayan gyaransa suna ƙasa. Siminti dai kada a tara da yawa, in ya daɗe yana jan danshi ya dunƙule, a ɗora shi kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. In akwai niyyar rushe bango ko ƙara ɗaki, a tuntuɓi KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, tukuna.

Tsohon Birkila: Alhaji ya faɗi gaskiya, sai dai in ƙara: mai jinga yana da gaggawa, to a sa masa ido a kan ban ruwa. Sabon filasta yana son ruwa safe da yamma har kamar mako guda, balle lokacin hunturu da iska ke busar da shi tun bai kama ba, sai ka ga ya tsattsage. Bayan nan a bar shi ya bushe sosai, mako uku zuwa huɗu, kafin fenti, in ba haka ba fentin zai kumbura ya saɓule. Ku sa kuɗin 'yan garuwa a lissafi, mutane suna mantawa da shi kuma yana da yawa.

Anti Nas: Maganar ruwan nan ta tuna mini. Duron da ake tara ruwan gini dole a rufe shi da murfi mai nauyi, ramin masai in an tona a shinge shi, yaro ɗan shekara biyu ko a bokiti yana iya nutsewa. Kullum in an tashi aiki a tsince ƙusoshi, kuma wanda ya taka ƙusa a wanke a kai shi asibiti a duba maganar allurar tetanus, kada a tsaya shafa man ja. Ɗanyen siminti yana cin fata, in yaro ya taɓa a wanke da ruwa mai yawa nan take. Tsohon fentin mai kuma wani yana da dalma a ciki, kada a goge shi a bushe yara suna wurin. Mun ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ne, gubar dai ita ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa saboda komai baki suke kaiwa.

Mai Wayarin: Hajiya, ki ce a ja muku layi ɗaya na wucin gadi zuwa ɗakin da za ku zauna, da soket ɗaya ko biyu don firij da cajin waya, sauran gidan a katse shi daga mita. Duk wayar da ta leƙo daga bango a naɗe bakinta da salatif ko da an ce babu wuta. Janaretan masu yankan tayil kada a kunna shi a soro ko kusa da tagarku, hayaƙinsa yana kashe mutum bai ankara ba. Yankan ma a waje za a yi, a riƙa zuba ruwa a bakin injin don ƙura ta kwanta.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya saka da alheri, duk na rubuta. Saura girki. Kicin ɗin yana ɓangaren da za a fara. Kuma ma'aikata, ni zan riƙa dafa musu?

Baban Yara: A'a, a haɗa kuɗin abinci cikin jinga, su saya a waje.

Hajiya Babba: Ni dai ban da ruwan sha mai sanyi kullum, nakan aika musu da ɗan wake ko shinkafa da wake ranar da na samu sarari, kuma na ga amfaninsa a aikin. Amma kada ki mayar da shi wajibi, da 'yan biyu a hannu ba za ki iya ba. Kicin kuwa, a kafa miki rumfa a ɓangarenku, can nesa da inda ake kwaɓa siminti. Gas ko kurfoti a waje, kada ki yarda ki shiga da gawayi ɗakin da kika toshe tagoginsa. Ki fitar da tukwane biyu da kwanukan da za ku ci kawai, garin tuwo da shinkafa a zuba a bokitai masu murfi. Miya ki yi mai yawa da asuba kafin su iso, ki raba ki sa a firij, da rana ɗumamawa kawai za ki yi.