Ahalkalaki ta su wa ce tun asali?

Ɗan Zazzau: Jama'a, ina nan a kan bakana. Gundumar Ahalkalaki, wadda take ƙarƙashin lardin Tiflis (Tbilisi ta yau, babban birnin ƙasar Jojiya) zamanin sarakunan Rasha, ƙasar Armeniyawa ce tun asali, Jojiya riƙo kawai take yi. Ƙidayar 1897 ta sami mutum 72,709, sama da kashi 70 cikin ɗari masu Armeniyanci ne. Me ya rage kuma?

Malamar Tarihi: Ƙanena, ka kawo adadi, ba ka ce yaushe suka zo ba. An yi yaƙi tsakanin Rasha da Daular Usmaniyya a 1828 zuwa 1829 (ta Turkiyya nake nufi, ba ta Shehu ba). Yarjejeniyar Adrianople ta 1829 ce ta ba Rasha Ahalkalaki da maƙwabciyarta Ahaltsihe. Nan da nan dubban Armeniyawa suka taso daga yankin Erzurum na Turkiyya, babban limaminsu Karapet yana gaba, aka ba su filaye, Musulmi da yawa kuma suka kwashe kayansu suka tsallaka Turkiyya. Jikokin waɗannan baƙin ne akasarin mutanen da kake ƙirgawa. Sunan garin ma na Jojiyanci ne, ma'anarsa "sabon birni". Ga kuma majami'ar Kumurdo, tun 964 take tsaye, rubutun Jojiyanci a jikin duwatsunta.

Ɗan Zazzau: Ranki ya daɗe, ai suna ba shaidar mallaka ba ne.

Baban Yara: Malama, a nan kin ɗan ja da yawa. Kafin 1829 ma akwai Armeniyawa a wurin, suna kiransa Javahk, 'yan Jojiya na cewa Javaheti. Kuma wanda kakanninsa suka yi kusan shekara ɗari biyu suna noma dankalin turawa a wannan tudu mai ɗan karen sanyi, za ki kira shi baƙo?

Malamar Tarihi: Ban ce su tashi ba, Alhaji. "Tun asali" ɗin ce ban yarda da ita ba. Gundumar kanta sai 1874 aka yanke ta daga Ahaltsihe, Rashawa ne suka ja iyakar.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kun yi ta ja-in-ja a kan al'umma biyu kamar su kaɗai ne. Ina Duhobor, Rashawan da suka ƙi cocin gwamnati aka koro su nan wajajen 1841, suka kafa Gorelovka? Ina Musulmin da Stalin ya loda a taragon jirgin ƙasa a Nuwamba 1944 zuwa Uzbekistan da Kazakistan? Yawancinsu har yau ba su koma ba.

Baban Yara: Wallahi kuwa. Su kuma Jojiya da Armeniya har yaƙi suka gwabza a Disamba 1918 kan nan da yankin Lori (arewacin Armeniya ta yau), sai da Ingila ta shiga tsakani.

Ɗan Zazzau: To, na janye "tun asali". Amma rinjayen 1897 ɗin nan, Malama, ba ki taɓa shi ba. Bari in dawo daga masallaci.