Sunan da ke kan tikitina ya saɓa da na fasfo

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman taimakon wanda ya taɓa shiga irin wannan.

Na sayi tikitin kallon mawaƙan Scorpions a Jamus. Tun 1965 aka kafa ƙungiyar a Hanover, kuma Klaus Meine da ke rera musu waƙa haihuwar 1948 ne, shi ya sa ba na son in ɗage sai baɗi. Bizar Schengen, wato ta shiga Jamus da wasu ƙasashen Turai, ta fito, na biya Yuro 90 ɗinta, na yi inshora, na yanki tikitin jirgi daga Abuja zuwa Frankfurt.

Matsalar ita ce tikitin wasan mai suna ne, kuma sun rubuta cewa za a gwada shi da fasfo a ƙofa. Garin sauri na rubuta Muhammad yadda na saba, alhali a fasfona Mohammed ne, sunan tsakiya ma ban sa ba.

A manhajar kamfanin da ya sayar min da tikitin wasan akwai wurin gyara suna, amma sai an turo lambar tabbatarwa ta saƙon waya, kuma ba ta shigowa layina na Najeriya. Sau shida na gwada, na sauya layi, shiru. Imel biyu na aika, amsar na'ura kawai ta dawo, ita ma da Jamusanci. Na buga musu waya, katina ya ƙare ina jira a ɗauka. Saura kwana 12 in tashi, abin ya hana ni barci.

Shin masu duba tikiti a ƙofa suna barin mutum ya shiga da irin wannan bambancin haruffa idan ya nuna fasfo da rasidin biya? Na gode.