Zauren Masu Zane na Jos: ganuwata ta fito kamar tabarma

Sadiya: Salamu alaikum. Jiya da sha biyun rana na zauna a MOTNA, wurin adana gine-ginen gargajiya na Najeriya da ke kusa da gidan tarihin Jos, na zana kwafin ganuwar Kano. Zanen ya fito shimfiɗe kamar tabarma. Tsofaffin zanen fadojin Turawa nake kwaikwayo, su kuwa sai ka ji kamar ka shafa dutsen. Me zan duba?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, lokaci kika ɓata. A nan da tsakar rana, rana na bisa kai, inuwa duk ta shige gindin bango. Ingila tana can arewa sosai, rana ba ta taɓa zuwa musu tsakar ka, shi ya sa hasumiyoyinsu ke jan doguwar inuwa. Koma da bakwai da rabi na safe ko bayan la'asar, ki zauna yadda haske zai bugi bangon ta gefe. Lokacin ne kaushin yaɓe ke fitowa, kowane zanko da inuwarsa.

Ɗanjuma: Ki nemi zanen fadar Norham na Turner, mai zanen Ingila, a shafin intanet na Tate, gidan adana zane-zane na Landan. Tun 1797 yake zana wurin, amma a na wajajen 1845 ginin ya kusa narkewa, shuɗi-shuɗi cikin hasken asuba. Ni dai ya fi ƙarfina.

Hajiya Rabi: Ɗanjuma, za ka rikita yarinya. 'Yata, fara da na gida. Barth, matafiyin nan Bajamushe, ya hau Dala a 1851 ya zana Kano, daga baya wani mai zane, Bernatz, ya gyara zanen don bugawa. Kalli yadda gidaje ke ƙanƙancewa suna tafiya. Kafin komai ki ja layi ɗaya daidai tsayin idonki: saman bango ya gangaro gare shi, gindin bango ya hau. Kuma in kin zauna, kin zauna. Na taɓa miƙewa sayen gyaɗa na dawo na ƙarasa a tsaye, ƙofar ta fito kamar za ta faɗo wa mutum.

Sadiya: Hajiya, fensir fa? HB kaɗai gare ni.

Malam Bala: 2H mai haske na nesa, 6B mai duhu na kusa, gawayi a cikin bakin ƙofa kawai. In hazon hunturu ya sauka, duwatsun Shere za su koya miki sauran.

Sadiya: Na gode. Asabar da safe ina can, in sha Allah. Wa zai ara min kujerar naɗewa?