Shawarwari kan aikin gida na Fiziks: motsi da da'irar lantarki

Abin da masana suka fi nanatawa shi ne: kafin ka taɓa kalkuleta, mayar da ma'auni iri ɗaya. Kilomita 72 a awa mita 20 ne a daƙiƙa. Raba da 3.6 kawai.

Sannan alamar kora (-) da tabbata (+). Zaɓi sama ya zama +, to jan ƙasa ya zama -9.8, wato gudun yana raguwa da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Dutsen da aka jefa sama da gudun mita 19.6 a daƙiƙa yana kai ƙololuwa bayan daƙiƙa 2. A can gudunsa sifiri ne, amma jan ƙasa bai sake shi ba, yana nan a 9.8. Nan ɗalibai suka fi zamewa.

A lantarki, rezistoci (abubuwan da ke rage kwararar wuta, da om ake auna su) a jere tara su ake yi. Idan kafaɗa da kafaɗa suke, om 6 da om 3 sai ka tara 1/6 da 1/3, suna ba da 1/2, sai ka juya shi: om 2, ba rabi ba. Amsar da ta fi ƙaramar rezista girma kuskure ce. Da batir mai bolt 12, raba 12 da om 2: karan, wato kwararar wutar, amfiya 6 ne.

Amita, na'urar auna karan, cikin layi ake sa ta, wato a jere. In ka haɗa ta kai tsaye da bakin batir biyu, fiyus ɗinta zai ƙone.