"Baƙo raɓa ne": ya dace da sojan Amurka a ƙauyen Faransa?

Bakatsine: Jama'a, ku warware mini. A hira an kawo zancen sojojin Amurka da aka sauke a ƙauyukan yankin Loren na Faransa a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai wani ya ce ai baƙo raɓa ne. Ni dai ban gamsu ba. Wanda ya zo da bindiga, ba kai ka gayyace shi ba, shi ma baƙo ne?

Malamin Makaranta: Baƙo ne mana. Rundunarsu ta farko ta yi atisaye a kewayen garin Gondrecourt, kuma babu bariki. Gida-gida aka rarraba su, ana rubuta adadin mutane da dawakai a jikin ƙofa. Hafsa ya samu ɗaki da gado, kurtu kuwa saman garke, cikin ciyawa, shanu na ƙasansa, ga ƙwarƙwata. Mai gida ba abin da zai yi sai haƙuri. To don irin wannan ake faɗin maganar: daure, rana na fitowa zai tafi.

Uwar Biyu: Malam, a gafarce ni, a gidanmu ba haka muke jin ta ba. Mahaifiyata takan faɗe ta ne in ta ga ana ƙyashin tuwon baƙo. Wato kyautata masa, kwanansa nawa ne? Ba maganar haƙuri da masifa ba ce.

Malamin Makaranta: Hajiya, duka biyun ana yi.

Ɗan Damagaram: Bari in ƙara muku abin dariya. Manoman wurin a ƙofar gida suke tara takin dabbobi, girman tulin shi ne shaidar arzikin mutum. Hafsoshin Amurka suka ce ƙazanta ce, a kwashe. Ka ji baƙo da gyaran gida! Wane raɓa ne zai zo ya ce ka matsar da takinka?

Uwar Biyu: Amma fa manoman sun ci moriyar baƙon. Kurtun Amurka na karɓar dala 30 a wata, abin da sojan Faransa ko a mafarki bai gani ba. Da yamma in an tashi daga atisaye, sai neman ƙwai da madara da giya, wasu su kai wanki wajen matan ƙauye, wasu su buga wasan ƙwallon sanda na Amurka (baseball) a fili yara na kallo, wasu su shige rumfar YMCA, ƙungiyar matasa Kirista mai yi wa sojoji hidima, su rubuta wasiƙa gida. Kuɗi ya shigo, farashi kuma ya tashi, talakan garin ya ji a jikinsa.

Bakatsine: Yauwa, nan nake. Raɓa ba ya barin komai, su kuwa sun bar tsada, wasu sun tafi da 'yan matan gari a matsayin matan aure. Kusan sojoji miliyan 2 suka shigo Faransa kafin a daina yaƙin a Nuwamba 1918. A maƙabartar sojan Amurka da ke ƙauyen Romagne kaɗai akwai sama da 14,000 da ba su koma ba.

Malamin Makaranta: Ƙanena, kana auna karin magana da mudu. Tsohuwar da soja goma ke kwana a kan shanunta ba lissafin tarihi take ba, so take ta san yaushe za ta samu rumbunta. A 1919 akasarinsu sun hau jirgi.

Ɗan Damagaram: To Malam, in baƙon ya shekara biyu fa, har ya iya sayen ƙwai da yaren gari?

Uwar Biyu: Wannan kuma sai a miƙa masa fartanya.