Kan jirgina yana tsayawa a mahaɗar layi, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina haɗa ɗan layin dogo na wasa a kan katako a ɗakina, ma'aunin HO, wato 1:87 (na gaske ya ninka shi girma sau 87), da wutar DC, irin ta batir, bolt 12.

Wuri ɗaya ne ya gagare ni: mahaɗar da ke gab da tasha. In kan jirgin ya zo da gudu, lafiya lau yake wucewa. Amma in na sassauta masa don ya shigo a hankali, da zarar tayoyin gaba sun hau 'yar robar nan ta tsakiyar mahaɗar, sai fitilarsa ta ɗauke, ya tsaya cak, sai na tura shi da yatsa.

Na zargi ƙurar hunturu, na goge layi da tayoyi da sifirit har auduga ta daina baƙi. Na sa mitar gwada wuta, akwai wuta gaba da bayan mahaɗar.

Kan jirgin gajere ne, tayarsa huɗu kacal. In sauya mahaɗar da mai ƙarfe a tsakiya, ko da dabarar da tarago zai riƙa jawo masa wuta? Don Allah a taimaka, ba na son ɓamɓare layin da na riga na manne.