Citta ga mai laulayi: ɗanya ko busasshiya?

Baban Ummi (Agege):
Slm jama'a, dan Allah ina neman shawara. Maiɗakina tana da ciki wata biyu da ɗan wani abu, laulayi ya sa ta gaba, ko ƙanshin miya ba ta so sai tashin zuciya. Maƙwabciyarmu ta ce a dafa mata citta, ita kuma innarta ta bugo waya daga gida ta ce kul, wai citta zafi gare ta tana kawo ɓari. To wanne zan bi, kuma in za a sha ɗanya ce ko busasshiya?

Ɗan Kachia (Mile 12):
Wslm, Allah ya raba lafiya. Ni dai sana'ata ce, tun daga Kudancin Kaduna muke lodo ta, kuma kowa ya san busasshiyar ta fi ɗanya yaji nesa ba kusa ba. In dai mai ciki ce ni ɗanya zan ba ta. Sai dai ka shirya aljihu, tun cutar da ta cinye gonaki a 2023 kuɗinta ya yi tashin gwauron zabi.

Anti Nas (Idi-Araba):
Malam Baban Ummi ka kwantar da hankalinka. Abin da ɗan'uwa ya faɗa haka ne kuma akwai dalili. Sinadarin da ke ba ɗanyar citta yaji sunansa gingerol, in aka shanya ta ko ta ji wuta wani sashe nasa yana juyewa ya koma shogaol, shi kuma wannan ya fi zafi sosai, duk a wuri ɗaya suke taɓa harshe da sinadarin barkono shi ya sa kake jin gumi na keto maka. A ciki kuma suna taimaka wa tumbi ya tura abinci gaba da wuri, sannan suna rage saƙon da hanji ke aika wa ƙwaƙwalwa na a yi amai. An gwada wa masu ciki, kuma an ga ta fi rage tashin zuciyar fiye da aman kansa. Adadin da aka fi gwadawa giram 1 ne na garin a yini, wajen rabin ƙaramin cokali kenan a raba shi sau uku ko huɗu, kuma a wannan adadin ba a ga tana jawo ɓari ba. Matsalarmu mu Hausawa ba ma awo, a zabga citta da kanunfari da masoro da kimba kamar yajin jego a ce magani, wannan kam ban yarda ba.
Amma fa in ko ruwa ba ya zama a cikinta, fitsari ya ragu, tana jiri, ba maganar citta ba ce, asibiti za ka kai ta a yi mata ƙarin ruwa.

Hajiya Babba (Obalende):
Ɗana ka yanka mata ɗan yatsan citta ɗaya siriri a ruwan zafi, ta dinga kurɓa kaɗan kaɗan bayan ta ɗan ci wani abu. Da yunwa ƙwannafi take sa wa.

Anti Nas (Idi-Araba):
Haka ne Hajiya. Kuma mai shan maganin tsinka jini irin warfarin ko wadda ta taɓa zubar jini a wannan cikin, kar ta fara sai likita ya sani.

Baban Ummi (Agege):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Laraba ce ranar awonta, zan sa ta tambaya. Ɗan Kachia nawa kuke ba da kashi yanzu?